Tsatsa a farar shadda: yadda aka ceto wata babbar riga a Ƙofar Doka

Rigar da ake magana a kanta babbar riga ce fara ta shadda, mai aikin hannu na aska takwas da zare ruwan madara, irin ɗinkin da aka san maɗinkan cikin Birnin Zariya da shi. Mai ita magidanci ne a wajen Ƙofar Doka. Ya sa ta ranar Sallah, aka wanke ta, aka yi mata bula da sitaci, aka kai ta bugu, sannan aka naɗe aka saka a akwatin ƙarfe, a ɗakin da kwanon rufinsa ke ɗan ɗiga. Sallar a farkon damina ta faɗo. Ba a sake buɗe akwatin ba sai ƙarshen Oktoba, da wani ɗaurin aure ya taso. Ke nan rigar ta cinye Yuli da Agusta da Satumba, watannin da ruwa ya fi zuba a Zariya, tana kwance a jikin ƙarfe mai danshi.

Da aka warware ta, tabo iri biyu aka gani. Akwai dogon layi ja-ja a ƙasan rigar ta baya, tsawonsa kamar taƙi guda, inda yadin ya jingina da kusurwar akwatin da fenti ya ɓare. Sai kuma ɗigo-ɗigo guda huɗu, ɗaya a bakin aljihu dab da aiki, sauran ukun suna maimaita kansu a kowane ninki, kowanne bai kai na gabansa duhu ba. Waɗannan daga fil ne da aka maƙala 'yar takardar shaida da shi wajen bugu, aka manta ba a cire ba.

Abin da aka fara yi a gida shi ne abin da kusan kowa zai yi. Aka ɗebo ruwan rijiya a tsohon bokitin ƙarfe, aka tsiyaya bilic, aka tsoma ƙasan rigar aka bar shi kamar awa ɗaya. Da aka ɗago, layin nan ya tashi daga ja-ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma duk inda ruwan ya taɓa ya ɗauki wani rawaya-rawaya da ba shi a da. Tabo biyu sun zama uku. A nan ne aka aika aka kira dattijon da ke wanki da guga a unguwar. Bai tambayi komai ba sai da ya shinshina yadin.

"Alhaji, bilic aka sa mata?"

"Aka sa, Baba."

"An ɗora dutsen guga a kai?"

"A'a, ba a kai ga nan ba."

"To, da sauran magana."

Me ya sa bilic ya ƙara ɓata ta

Tsatsa ba dauɗa ba ce. Dauɗa maiƙo ne da ƙura da gumi, sabulu yana kama su ya fita da su. Tsatsa kuwa ƙarfe ne da ya haɗu da ruwa da iskar oksijin ya rikiɗe ya zama jan gari, garin ya shige tsakanin silin zaren ya maƙale. Ba ta narkewa a ruwa, sabulu ba ya ɗaga ta, cuɗa kuma tura ta ciki kawai take yi.

Bilic irin su Hypo da Jik aikinsa ƙone launin tabo, shi ya sa yake cin tabon zoɓo ko na shayi. Amma ita tsatsa ai ƙonannen ƙarfe ce tun asali, babu abin da ya rage da zai ƙone. Abin da yake yi shi ne ya ƙarasa mayar da duk ƙarfen da ke narke a ruwa zuwa tsatsa, ya zaunar da shi a kan yadi. Rawayan da ya bazu a ƙasan rigar daga nan ya fito: bokitin yana sakin ƙarfe, wataƙila ruwan rijiyar ma yana ɗauke da nasa, bilic ya tattara su ya shafa wa shaddar. Akwai ɓarna ta biyu da ba a gani nan take. Inda ƙarfe ya taru a zaren auduga, bilic yana cin wurin da ƙarfi fiye da sauran yadin, zaren ya yi rauni, bayan wanki ɗaya ko biyu sai a ga 'yar huda.

Kanwa, toka da bekin soda su ma ba nan ne wurinsu ba. Duk ɓangare ɗaya suke da sabulu da bilic, kishiyoyin tsami ne, kuma a cikinsu tsatsa zama take ƙara yi. Masu cewa a kwaɓa bekin soda da lemon tsami a shafa suna kashe maganin ne da hannunsu. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma alama ce ta cewa sodar ta cinye tsamin da ake buƙata.

Abin da ke narkar da tsatsa tsami ne. A cikin kayan gida, lemon tsami ne kan gaba, don ruwansa na ɗauke da sinadarin sitirik kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, kuma wannan sinadarin ba narkarwa kaɗai yake yi ba, yana riƙe ƙarfen da ya narke ya hana shi komawa jikin zare har a ɗauraye. Farin khal, wato binega, shi ma yana da tsami wajen kashi 5 cikin ɗari, amma ba ya riƙe ƙarfe haka, shi ya sa yake iya sabon tabo mai sauƙi ya gaza a kan wanda ya kwana biyu. Lemon zaƙi ba shi da amfani a nan, tsaminsa kaɗan ne, sukarinsa da yawa.

Sai maganar tsamiya, wadda mutane da dama ke kawowa don sun ga tana wanke tagulla da tukunya fes. Tsaminta yana da ƙarfi, gaskiya ne. Sai dai ruwanta ja ne, kuma duk abin da ke da bauri, in ya haɗu da ƙarfe, baƙi yake bayarwa. Da wannan hikimar dukawa ke baƙanta fata: fatar da aka jeme da bagaruwa, a shafa mata ruwan ƙarfe, nan take ta yi baƙi. Don haka tsamiya, ruwan shayi, goro da khal na tuffa duk a nisanta su da tabon tsatsa a farin kaya.

Kafin a matse lemo ko ɗaya

Matakin farko fitar da bilic ne gaba ɗaya, kuma wannan ba maganar kyan riga ba ce, maganar rai ce. Bilic in ya haɗu da tsami, na lemo ne ko na khal, yana sakin iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido. An ɗauraye ƙasan rigar sau biyar a bahon roba, kowane karo da sabon ruwa, har warin ya ɗauke, kuma a tsakar gida aka yi, ba a banɗaki ba.

Daga nan aka jiƙa rigar duka a ruwan sanyi zalla na minti 30 don sitaci ya saki. Wannan matakin ana yawan tsallake shi. Wani kaso na tsatsar a kan sitacin yake zaune, bai kai ga zare ba, in sitacin ya narke sai ya tafi da shi. Ɗigo biyu na ninkin ciki a nan suka kusa ɓacewa ba tare da an sa musu komai ba. Sitacin da aka bari kuma yana hana ruwan lemo ratsa yadin.

An kuma tabbatar tsatsar ce. Jan tabo a farar riga yana iya zama ƙunar guga, ko turare mai maiƙo da ya tsufa, ko goro, ko fumfuna. Tsatsa tana ɗaukar siffar abin da ya haifar da ita, layi ko zagaye, tana bin ninki, kuma in an ɗiga mata lemon tsami aka jira minti 10 gefenta zai fara dusashewa. Ƙunar guga ba ta motsi. Fumfuna baƙi-baƙi ce ko toka-toka, da warin danshi.

Gwaji na ƙarshe na zaren aiki ne. Aka juya aljihu, aka ɗiga lemo a kan bakin zaren da ke ciki inda ido ba ya kaiwa, aka danna da farin tsumma bayan minti 5. Bai zuba ba. Da ya zuba, da ɗigon bakin aljihun sai dai a haƙura da shi, domin tabo ɗan ƙarami ya fi aikin wata da watanni ya dame.

Yadda aka yi aikin

Kayan da aka tara: lemon tsami 10 masu ruwa, gishiri mai laushi, tsohon farin tawul, auduga, kofin tangaran, cokalin roba da rariyar shayi ta roba. Ƙananan lemukan da ake samu a kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari kowanne yana ba da kamar babban cokali ɗaya, wani ya ɗan fi, goman sun ba da abin da ya haura rabin kofin shayi. An tace ruwan sau biyu. Tacewar tana da dalili: ɓargon lemo da man ɓawonsa suna barin nasu tabon, kore-kore ko rawaya. Ba a yanka lemo an goga shi kai tsaye a shadda.

Aka fara da dogon layin. Aka shimfiɗa tawul ninki huɗu a kan tabarma a rana, aka ɗora wurin tabon a kai, fuskar tabon tana kallon tawul, domin abin da ya narke ya sauka ƙasa maimakon ya ratsa yadin. Aka barbaɗa gishiri ƙaramin cokali biyu a tsawon layin, aka riƙa ɗiga lemo har gishirin ya jiƙe ya yi kamar kunu mai kauri. Gishirin ba shi ne maganin ba. Aikinsa ya riƙe ruwan lemon a wurin kada ya malale, ya kuma tsotse abin da ya narke. Ba a dirza. Shadda saƙarta ce adonta, in aka dirje ta da gishiri wurin zai yi gashi-gashi, kuma babu bugun da zai mayar da shi.

Rana tana taimakawa ta hanya biyu: ɗumi yana hanzarta aikin tsami, haske kuma yana sa ƙarfen da lemo ya kama ya ƙara saurin narkewa. Amma ga inda aka fi yin kuskure. Lemo yana aiki ne muddin wurin a jiƙe yake, da ya bushe aiki ya tsaya, sai cin zare ya fara. A ƙarshen Oktoba iskar Zariya ta soma bushewa, hunturu na ƙofa, ɗigon lemo ba ya minti 10 bai ƙafe ba. Saboda haka sai da aka sa yaro ya zauna kusa yana ƙara ɗigo duk bayan minti 5 zuwa 7. Masu shafa lemo su shanya riga tun hantsi su tafi kasuwa sai la'asar, su ne ke dawowa su tarar da tabon yana nan, yadin kuma ya yi rauni.

Bayan minti 30 aka kakkaɓe gishirin, wanda ya riga ya ɗauki ja, aka ɗauraye wurin da ruwa mai yawa, aka matsar da tawul zuwa gefe mai tsabta, aka sake. Zagaye na farko ya rage duhun da kusan rabi. Na biyu ya bar inuwa. Na uku bai ƙara komai ba, nan aka gane rana ta yi iyakar abin da za ta yi.

Sai aka koma ga tururi. Aka tafasa ruwa a tukunyar da ba ta tsatsa, aka sauke ta daga wuta, mutum biyu suka ja wurin tabon a kan bakinta, na uku yana ɗiga lemo ba gishiri. Minti 3 zuwa 5 ya isa, sai ɗauraya. Sauke tukunyar wajibi ne, babbar riga faɗi gare ta, gefenta zai iya lasar wuta. Kada a rikita wannan da zafin guga: zafi mai danshi tare da tsami fitar da tsatsa yake yi, busasshen zafin dutsen guga kuwa gasa ta yake a cikin zare. Abin da dattijon ke nufi ke nan da ya ce da sauran magana. Tururi biyu aka yi, layin ya tafi, sai wata 'yar inuwa a ƙarshensa, inda ƙarfen ya fi ci.

Rawayan da bilic ya baza ba a bi shi da ɗigo, ya yi faɗi. Aka samo garin sitirik, wanda masu sayar da kayan kek da na haɗa lemo ke ajiyewa, aka narkar da babban cokali 3 a ruwa mai ɗumi lita 2 a bahon roba, aka tsoma ƙasan rigar na minti 40 ana juyawa. Wanda ke son ƙarfin da ya yi daidai da na lemo don ɗigawa a tabo, ƙaramin cokali ɗaya na garin a ruwa mililita 100 ya yi, kuma ya fi lemo tsabta tunda ba shi da sukari. Rawayan ya saki a jiƙo ɗaya, don sabo ne, kwanansa ɗaya.

Ɗigon bakin aljihu shi ya fi cin lokaci, duk da shi ne ƙarami. Ba a sa masa gishiri ba, ba a kai shi rana ba. Aka naɗa auduga a tsinken tsintsiya, ana tsomawa a lemo ana dangwala wa tabon kaɗai, ana danne shi da busasshen tsumma ta baya, ana rufe zaren aikin da yatsa. Zaren ya ci gwaji, amma gwajin minti 5 ne, ba na awa guda a rana ba. Da zaren mai ƙyalli ne irin na zinari ko azurfa, ko kusa da shi lemo ba zai je ba, yana dusar da shi.

Hannun yaron da ya yi ɗigo an sa ya wanke shi da sabulu kafin ya koma wasa. Ruwan lemon tsami a fata, in rana ta buge shi, yana iya tayar da bororo ya bar baƙin tabo na makonni.

Abin da ya biyo baya

Da tsatsa ta fita aiki bai ƙare ba. Aka ɗauraye rigar sau uku, sannan aka tsoma wuraren da lemo ya taɓa a ruwa lita ɗaya mai ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda, minti 5, aka sake ɗaurayewa. Nan ne wurin soda, a ƙarshe, don ta kashe ragowar tsami. Tsamin da aka bari a auduga yana ci gaba da cin ta a hankali, kuma ragowar lemo in dutsen guga ya hau ta, ja take komawa, a ɗauka tsatsar ce ta dawo. Sai bayan wannan aka yi wankin sabulu na yau da kullum.

Da rigar ta bushe, mai ita ya ɗan tsorata, don wuraren da aka yi wa aiki sun fita daban, fari mai ɗan rawaya a tsakiyar fari mai shuɗi-shuɗi. Wannan ba ɓarna ba ce. Bular wanki ba ta jure tsami, lemo yana kashe shuɗinta, wani lokaci har a ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tashi. Maganinsa a sake yi wa rigar bula gaba ɗayanta, ba wurin kaɗai ba, sannan sitaci, sannan bugu don sheƙin ya dawo bai ɗaya. An duba ta a hasken rana tana busasshiya kafin a kai bugu, domin jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye inuwar tabo.

Sakamakon bai cika ɗari bisa ɗari ba. Ɗigon fil huɗu sun tafi, rawayan ya tafi. A ƙarshen dogon layin, inda tsatsa ta fi kauri kuma bilic ya same ta, inuwa ta rage wadda sai an nuna wa mutum zai gani, kuma wajen bugu wurin ya buɗe 'yar huda kamar ƙwayar gero. Maɗinki ya cike ta da zaren da ya zare daga cikin kalmasar rigar. An tsaya a zagaye uku na rana da biyu na tururi da gangan. Akwai magungunan tsatsa na kanti masu sinadarin okzalik da za su iya ɗauke inuwar, amma guba ne, sai da safar hannu da nisanta su da yara, kuma zaren wurin ya riga ya gaji. Ruwan batir da ruwan wanke masai, da wasu ke ba da shawara, suna cire tsatsa su cire yadin tare da ita.

Akwatin da ruwan

Aka juye akwatin aka duba. Kusurwa biyu sun ci, ƙasansa ma ya fara, don a kan siminti yake zaune kai tsaye, ɗigon kwano kuma a kan murfinsa yake sauka. Aka kankare shi da takardar yashi, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bi da fentin mai, aka bar shi a buɗe har wari ya fita. Aka ɗora shi a kan katako biyu, aka shimfiɗa tsohon zanen gado fari a ciki. Leda ba ta dace da ajiyar watanni ba, tana tsare danshi ta jawo fumfuna. Fil, allura, kuɗin ƙarfe a aljihu da maɓallin hannu duk a cire su kafin naɗi, hangar waya da igiyar shanya ta waya kuma a musanya su da na roba.

Ruwan rijiyar ma an gwada shi, gwajin da kowa zai iya: a cika farin bokitin roba, a bar shi a buɗe ya kwana. Ruwa mai ƙarfe yana fitowa garau, sai ya sha iska ya yi ja-ja ya ajiye laka a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarfen da ya haura miligiram 0.3 a lita yana ɓata kayan wanki. Na gidan ya ajiye 'yar laka kaɗan, wanda ke nuna bokitin ne ya fi laifi, sai aka mayar da shi na kwasar shara. Fararen kaya kuma aka koma wanke su da ruwan da ya kwana biyu a robar ajiya, ana ɗiban na sama a hankali, ana zubar da na ƙasa.